Na je barka a Flint, ga abin da na gano game da kuɗin jego a Amurka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar hita, sanyin Michigan ba ya raga wa kowa, yatsuna ko ji ba na yi. Ina cikin mota ne a Flint, yanzun nan na fito daga barka. Wata abokiyar aikina ce ta sauka, baƙar fatar Amurka ce, yau kwananta tara, an samu namiji. Na kai mata farfesun kaza da kunun gyaɗa a fulas, kanwa dai ban sa ba don jininta ya ɗan hau an ce ta kiyayi gishiri. Ban shiga da kyamara ba, gidan mutane ne, shi ya sa na ce bari mu yi hirar a nan kafin in kama hanya.

Ina shiga na tarar da wata mata zaune kusa da ita tana gyara mata yadda za ta riƙe yaron ya kama nono, na ɗauka innarta ce har na rusuna na gaishe ta. Ashe dula ce. Dula ba likita ba ce, ba kuma ungozoma ba ce don ba ta karɓar haihuwa, aikinta ta zauna da ke tun kina da ciki, ta bi ki ɗakin haihuwa, bayan kin dawo gida ta riƙa leƙo ki. Wato dai abin da gwaggo ko kaka ke yi mana kyauta in an je wanka gida, shi ne nan ya zama sana'a, kuma tun Janairun 2023 Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, take biyan kuɗin dula a Michigan. Wallahi sai da na yi dariya, na ce da gwaggona ta san ana biyan dala a kan wannan aikin da tuni ta nemi biza.

Bayan wannan akwai wani shiri na garin Flint, Rx Kids, da aka fara a Janairun 2024. Mai ciki in mazauniyar garin ce ana ba ta dala 1,500 kafin ta haihu, in ta haihu kuma dala 500 duk wata har yaron ya shekara. Ba a tambayar albashinki, ba a ce kawo rasit. Likitar yara ce ta jagoranci abin, Dakta Mona Hanna, ita ce wadda a 2015 ta tona cewa gubar dalma ta ƙaru a jinin yaran garin nan saboda ruwan famfo. Kuɗin kuma haɗaka ce, wani daga gwamnatin jiha, wani daga gidauniyoyi irin su Mott. Ƙawar tawa da nata ta sayi gadon jariri da kujerarsa ta mota, wadda doka ce a nan, sauran kuma shi zai riƙe ta ta ƙara kwanaki a gida, don kar ku manta Amurka ba ta da dokar tarayya ta hutun haihuwa mai albashi, dokar 1993 sati 12 ta bayar amma ba ko sisi, shi ma ba kowa ya cancanta ba. Akwai matan da ɗinki bai gama warkewa ba suke komawa tsayuwa a kanti.

To me ya sa in ana zancen waɗannan shirye-shiryen ake ta maganar baƙar fata? Alƙaluman CDC ne, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. A 2021, cikin kowace haihuwa dubu 100, matan baƙar fata kusan 70 suka rasu, farare kusan 27. Jariransu ma mutuwarsu kafin shekara ta ninka ta farare fiye da sau biyu. Na san yanzu wani zai rubuto min a ƙasa ya ce to ai namu a Najeriya ya kusa dubu. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma nan fa asibitin ɗaya ne, injin ɗaya, maganin yana nan a kan kanta. Kuma ba talauci kaɗai ba ne, don baƙar mace mai digiri ta fi farar da ba ta gama sakandare ba shiga haɗari. Serena Williams, 'yar wasan tanis ɗin nan, da duk kuɗinta da sunanta, bayan ta haihu a 2017 numfashinta ya fara sarƙewa, ita da kanta ta ce jini ne ya daskare mata a huhu a yi mata hoto, sai da ta nace kafin a saurare ta, kuma ita ce da gaskiya.

Ni ma na ɗanɗana. Haihuwata ta biyu, kwana shida da sallama kaina ya fara sarawa kamar ana buga guduma, ido yana ganin wasu taurari. Na kira waya aka ce rashin barci ne, in sha maganin ciwon kai. Ba uwa kusa, ba ya, maigida yana wurin aikin dare. Wata maƙwabciya ce ta zo da na'urar awon jini ta gwada ni, ya haura 160, ta ce tashi mu tafi, ko hijabi a mota na ƙarasa sa shi. Hawan jinin bayan haihuwa ne, irin wanda in an bar shi yake kai mace ga jijjiga. Tun ranar na gane haɗarin ba a ɗakin haihuwa yake ƙarewa ba. CDC ma ta ce fiye da rabin mace-macen nan daga sati ɗaya zuwa shekara bayan haihuwa suke faruwa, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari da an lura da an kauce musu.

Ga shi kuma da, Medicaid kwana 60 kawai take riƙe mai jego. Ku lissafa, arba'in da kwana ashirin, shikenan an yanke. Alhali kusan biyu cikin uku na haihuwar matan baƙar fata ita ke biya. Wata doka ta 2021 ce ta bai wa jihohi dama su kai shi wata 12, kuma kusan duk sun yi, har da Michigan. A ganina duk cikin abubuwan nan wannan ya fi, ya ma fi dala 500 ɗin, don kuɗi ba ya auna miki jini.

Wani abin lura, Rx Kids bai ce na baƙar fata ba ne, na kowa ne a garin, sai dai Flint ɗin yawancin mutanenta baƙaƙe ne. A San Francisco kuwa da suka ware nasu, dala dubu a wata ga baƙaƙe da 'yan tsibiran Pasifik, sai da aka maka su kotu a 2023 wai wariya ce. Siyasar ƙasar nan kenan, kasafin kuɗi ma yau a ƙara gobe a zaftare.

'Yan uwana mata da ke nan Amurka, don Allah mu rage wannan kunyar ta wai kada a ce muna cin sadaka, da kuma cewa ai wannan matsalar baƙaƙen Amurka ce ba tamu ba. Ranar da kika kwanta a gadon asibiti ba wanda zai tambaye ki Kano ko Damagaram, a fom ɗin akwati ɗaya muke cikewa. Haraji ake cira a albashinki. Ki tambayi WIC, shirin gwamnati na tallafin abinci ga masu ciki da masu jego da ƙananan yara, suna ba da madara da ƙwai da kayan lambu har yaro ya shekara biyar, ki tambayi ko jiharku tana biyan dula, in kuma takardunki ne ke ba ki tsoro ki fara tuntuɓar lauyan shige da fice. Ki sayi na'urar awon jini ki ajiye kusa da gado.

Af, ga mai jegon nan ta turo saƙo, wai na manta fulas ɗina, kuma dular tana tambaya yadda ake dama kunun. Bari in koma ciki, sai mun haɗu a bidiyo na gaba.