Yau muna Bett a Landan, ku biyo ni

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da hayaniyar nan, ina cikin ExCeL ne, babban zauren baje koli a gabashin Landan, yanzu na sauko daga jirgi a tashar Custom House, sanyin Janairu kuwa ba a magana wallahi. Wannan shi ne Bett, taron malamai da masu harkar fasaha, tun 1985 ake yinsa duk shekara, da a Olympia suke kafin su dawo nan a 2013. Malami in ya yi rajista ko sisi ba ya biya, shi ya sa kwalejinmu ta sake mu yau, a lissafin CPD ɗinmu za a sa, wato horon ƙarin sani da ake yi a bakin aiki.

To ku kalli rumfunan nan, ga Microsoft ga Google can, kowa AI AI, ka tsaya kaɗan sai a haska katin wuyanka a miƙo maka biro da jaka, gobe imel ɗinka ya cika da talla. Wannan ɓangaren kasuwa ce kawai, ni wucewa nake.

Abinda ya kawo ni yana can ciki inda malamai ke nunawa junansu aiki. Kun ga wannan ɗan allon a tafin hannuna? micro:bit kenan, ƙaramar kwamfuta ta koyon kodi, wato rubuta wa na'ura umarni, wanda BBC ta raba wa yaran makaranta a nan ƙasar a 2016, ƙananan fitilu 25 ne a jikinsa da maɓallai biyu, batir biyu irin na rimot sun ishe shi. Yanzu wata malama ta soka ƙusa biyu a cikin ƙasar tukunyar fure ta haɗa da waya, ƙasar na bushewa allon sai ya ɓata fuska, ta zuba ruwa ya yi murmushi, kuma ta faɗa mana tsakani da Allah inda ɗalibanta suke kakarewa, yawanci wajen haɗa wayoyin ne ba kodin ba. Irin wannan maganar mai talla ba zai taɓa gaya maka ba.

Malamanmu na kwalejin fasaha da poli, wannan ko ba wutar nefa allon zai yi aiki muddin an loda masa kodin tukuna. Anjima akwai TeachMeet, minti bakwai ake ba malami ya nuna abinda ya gwada a aji, ba talla. Bari in nemi ɗakin sallah tukuna, la'asar da wuri take yi a nan.