Tangaran ɗin Hangari da Gasannin da Suka Fito da Shi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Maganata a yau a kan kwanukan tangaran na ƙasar Hangari ce, da yadda gasannin baje koli na duniya suka kai su har teburin sarakuna.

Tangaran na ainihi da farar ƙasa ake yin sa, wadda ake kira kawolin, a gauraya ta da garin wasu duwatsu, sannan a gasa a wuta mai zafin da ya kai kusan digiri 1400. Wannan wutar ce take sa faranti ya yi ƙara mai daɗi idan an ƙwanƙwasa shi, haske kuma ya ratsa shi idan an ɗaga shi sama.

A shekarar 1826 Vince Stingl ya kafa wata 'yar masana'anta a ƙauyen Herend, kusa da garin Veszprém, amma bashi ya yi masa yawa, har a 1839 ta koma hannun Mór Fischer. Shi Fischer ya lura cewa gidajen masu sarauta cike suke da tsofaffin kwanuka daga Sin da Meissen ta Jamus da Sèvres ta Faransa, waɗanda idan ɗaya ya fashe ba a samun ɗan'uwansa a kasuwa. Sai ya ɗauki aikin ƙera madadin abin da ya fashe, ta yadda idan an jera sabo da tsoho, mai gida da kansa zai sha wuya kafin ya bambanta su. Wasu suna raina wannan mataki, suna cewa kwaikwayo ne kawai. Ni ban yarda da su ba, domin wanda zai daidaita launinsa da na gwanayen Sin dole ne ya san sirrin kowane fenti da kowace wuta, kuma a nan ne hannun masu zanen Herend ya faɗa.

Sakamakon ya bayyana a babban baje kolin Landan na 1851, inda Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta ga wani jeren kwanukan cin abinci mai zanen malam-buɗe-littafi da rassan furanni irin na Sin, ta sa a yi mata nata. Tun daga lokacin zanen yake amsa sunanta, kuma har yau da hannu ake zana shi, faranti bayan faranti. A 1867 Franz Joseph, Sarkin Austriya da Hangari, ya ba Fischer sarauta. Sai dai ina so ku riƙe wannan: duk da wannan ɗaukaka, masana'antar ta karye a 1874, bayan durƙushewar kasuwanni ta 1873, saboda lambar yabo ba ta biyan ma'aikata, aikin hannu kuma yana cin lokaci da kuɗi.

A birnin Pécs da ke kudancin ƙasar kuwa, gidan tangaran na Zsolnay, wanda aka kafa a 1853, wata hanya ya bi. Vilmos Zsolnay mutum ne mai yawan gwaje-gwaje da ƙasa da sinadarai, 'ya'yansa mata biyu kuma, Teréz da Júlia, su suka riƙe ɓangaren zane. Teréz ta riƙa tattara adon ɗinkin gargajiya na ƙauyukan Hangari tana mayar da shi jikin tangaran. A baje kolin Faris na 1878 kayansu suka ci babbar lamba, Faransa kuma ta karrama Vilmos da lambar girma ta ƙasa. Wannan nasara ta fi burge ni, domin abin da alƙalai suka yaba haɗi ne sabo da ado na gida. A 1893 suka fito da wani shafe mai suna eosin, wanda yake walƙiya kamar ƙarfe, yana sauya launi daga kore zuwa ja gwargwadon yadda haske ya faɗa masa.

Herend ta farfaɗo daga baya, sannan gwamnati ta karɓe masana'antun biyu a 1948. Herend ta fita daga hannunta a 1993, kashi uku cikin huɗu na hannun jarinta ya koma wurin ma'aikata da shugabanninta. Da aka ɗaura auren Yarima William a 2011, gudummawar da Hangari ta aika Ingila jeren kwanukan Herend ne, ɗauke da sabon salon zanen nan da Biktoriya ta zaɓa shekara 160 kafin nan.