Laccar Malam kan aikin malamin biyoloji da yaƙin murzuna

An ɗauko wannan daga rikodin ɗin laccar da wani malamin biyoloji ya yi ma ɗalibai 'yan bak a nan Maradi.

Assalamu alaikum. To 'ya'yana, an ce in gaya muku mi malamin biyoloji ke yi a jami'a, don da yawanku kuna ganin duk wanda ya iya SVT, wato darasin kimiyyar halittu da ƙasa, likita kawai zai zama. Hanyar dai doguwa ce, lisans shekara 3, masta 2, sannan doktora, kuma ko ka fara koyarwa ba ka hau matsayi sai CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai kula da ilimi mai zurfi, da ke Wagadugu ta duba abin da ka bincika ka rubuta. Mu a zamaninmu sai ka tahi Yamai, jami'ar Abdou Moumouni, ku kuwa ga Dan Dicko Dankoulodo nan bakin ƙofarku.

Amma ni abin da ya riƙe ni cikin aikin nan, murzuna ce. Wa bai san ta ba cikinku? Hatsi ya yi kyau, ya fidda kai, maigida har ya fara lissahin dammai, sai ka kama zangarniya ka ga an bi ta da zane a murɗe tun daga ƙasa har sama, wurin babu ƙwaya ko ɗaya. Wani ɗan malam-buɗe-littahi ne na dare ke zuba ƙwai bisa kan hatsi lokacin da yake fitowa, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta dinga yanke furen daga ciki, in ta ƙoshi ta sauka ta shige ƙasa ta kwanta duk rani tana jiran damina. Tun bayan farin da aka yi a shekarun 1970 ta zame ma manoman Sahel bala'i. Kuma feshi bai cika kama ta ba tunda a ɓoye take, ga tsada, wa ke da kuɗin fesa gonar tudu gaba ɗaya?

To ashe tana da maƙiyi, wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, ƙarami ƙwarai, sunanshi Habrobracon hebetor. Macen ke harbin tsutsa ta sandare, ta yi ƙwai bisa jikinta, 'ya'yan su fito su cinye ta. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, nan Tarna sun daɗe suna kiwonshi a labo bisa tsutsar da ke cin hatsin ajiya. Sai a samu ɗan buhun garara, a zuba hatsi da tsutsotsin da matan ƙwaron, a rataye a icce kusa da gonaki, su yi ta hitowa ta ramukan buhun suna bazuwa. Wallahi ranar da ka ga tsutsar murzuna ta yi baƙi ta bushe cikin zangarniya, ga manomi tsaye yana kallo, ba ka manta ta.

Shi ya sa ban yarda ɗalibi ya haddace kaye ya zo ya juye mini ba. Ina kai su gona da sassafe, kowa da kwalba da alƙalami, su yanko zangarniya su ƙirga tsutsa mai rai da matatta, su koma labo su duba a mikroskop. Kuma sai sun gaida mai gona sun tambaye shi yaushe ya yi shibka, don shi ya san wane hatsi ta fi kamawa, in ba a san ranar fidda kai ba sai a rataye buhun a makare.

Wahala akwai ta, ban ɓoye muku. Aji cike, kayan aiki kaɗan, in wuta ta ɗauke da zahin nan ƙwarin da ka yi wata kana kiwo su mutu. Amma aiki na nan jibge, ƙwarin wake, ƙuduji, cutar gujiya, duk suna jiran masu bincike, kuma 'yan mata ina son ganinku ciki sosai.

Ke ɗiyata ta baya can, na ga hannunki tun ɗazu, a miƙa mata mikro.