Wanke sarƙar babur da sa mata mai: yadda ake yi daidai

Dubi wannan baƙin abin da ya daskare a jikin sarƙar. Na murza shi tsakanin yatsu biyu, ka ji yana ƙaras-ƙaras. Tsohon mai ne ya haɗu da ƙura da yashi, kuma shi ke cinye sarƙa da haƙoran farantin da take hawa. Duk wanda ya zuba sabon mai a kan wannan dattin, ya ƙara wa yashi hanyar shiga ciki ne. Saboda haka wanki ne farko.

Ka tanadi kananzir kamar rabin gwangwanin madara, tsohon burushin goge baki, tsumma biyu, da man giya mai lamba 90 ko man sarƙa na feshi. Ɗora babur a jak ɗin tsakiya, sa shi a firi, kashe inji, zare makulli. Don Allah kada ka tayar da inji ka sa giya wai taya ta riƙa juya maka. Sarƙa na kama tsumma ta ja shi, yatsa ya bi, kuma ba a iya fizge hannu kafin ya kai haƙora. Da hannu ake juya taya.

Idan babur ɗinka irin Boxer ne mai murfin da ya rufe sarƙa, kwance murfin ka goge cikinsa, don laka na kwanciya a ƙasansa. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashi. Tsoma burushi a kananzir ka goge sarƙar sama da ƙasa da gefe biyu, kana juya taya kaɗan-kaɗan har ka zagaye. Ka dirje haƙoran babban farantin da ke jikin tayar baya, ka buɗe ƙaramin murfin gaba ma, nan ne datti ya fi taruwa. Ban da fetur. Yana wanke maiƙon da ke can cikin gaɓoɓi, kuma a sarƙa mai zoben roba yana lalata robar. Haka ruwan injin wanki mai ƙarfi, yana tura ruwa ciki ya bar tsatsa.

Goge da tsumma, ka bar ta ta bushe kamar minti 10. Kananzir da ya rage yana tsinka sabon mai.

Yanzu wurin da ake yawan kuskure. Gogayyar sarƙa a ciki take, tsakanin ƙusar kowace gaɓa da bututun da ke kewaye da ita, don haka man da ya tsaya a waje ƙura kawai yake kamawa. Ka ɗiga man a layin ƙasa na sarƙar, ta fuskar da ke kallon sama, wato fuskar da ke taɓa haƙora. In taya ta fara gudu, ita za ta tura man ya ratsa zuwa waje. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa ya isa, kana nufar tsagar da ke tsakanin faifan gefe. Juya taya sau uku ko huɗu, jira minti 15, sannan ka goge duk abin da ya fito waje da tsumma na biyu. Sarƙar da aka yi wa daidai ba ta ɗiga, ba ta ɓata riga.

Baƙin man da aka juye daga inji fa? Da yawa shi suke zubawa saboda kyauta ne. Yana ɗauke da garin ƙarfe, ya kuma tsinke, da ka hau titi zai watse a jikin taya. Giris kuma ya yi kauri, ba ya shiga ciki.

Tunda babur na kan jak, duba sakin sarƙar. Juya taya ka nemo inda ta fi tauri, domin sarƙa ba ta miƙewa daidai ko'ina. A nan, tsakiyar layin ƙasa, ɗaga ta da yatsa. Yawancin ƙananan babura suna son motsi na milimita 20 zuwa 30. In ta yi sako-sako za ta riƙa dukan murfi, tana iya gocewa. In ta yi tauri, duk ramin da ka faɗa sai ta fizgi sandar da ta fito daga giya, boris ya lalace, mai ya fara yoyo. Sassauta babban notin taya, ka juya notocin ja na hagu da dama daidai wa daida har alamun gefe biyu su zo ɗaya, ka ɗaure, sannan ka sake saita birkin baya, don tayar ta matsa.

Ja sarƙar daga bayan babban faranti. Idan ta ɗago har ka ga fiye da rabin haƙori, ko haƙoran sun yi tsini sun lanƙwashe, mai ba zai gyara ba. A canza sarƙa da faranti biyu tare, in ba haka ba tsohon zai cinye sabon.

Ka riƙa yin wannan duk kilomita 500 zuwa 700. Ɗan acaɓa mai yini a hanya, duk sati. A damina, bayan duk shiga ruwa ko laka. A hunturu kuwa a yawaita wanki, a rage mai. Kafin ka mayar da murfi, dubi ƙaramin makullin da ya haɗa sarƙar: rufaffen bakinsa ne zai kalli inda sarƙa ke tafiya.