Amsoshin Tambayoyinku: Likitan haƙorin da ya zama Manjo

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani ɗalibi a Zariya mai koyon aikin haƙori. Ya ce malaminsu ya ambaci wani likita mai suna Varaztad Kazanjian, wai har hafsan soja ya yi, to shi yana son jin tarihinsa, da kuma abin da ya haɗa likitan haƙori da fagen fama.

To ɗan'uwa, mun ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, don mutum ne da ya cancanci a riƙa tunawa da shi. Ɗan ƙabilar Armeniyawa ne, an haife shi a 1879 a garin Erzincan, cikin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. A 1895, lokacin da ake yi wa mutanensa kisan gilla, ya tsere zuwa Amurka yana ɗan shekara 16. Garin Worcester ya sauka, a jihar Massachusetts, ya kama aikin leburanci a wata masana'antar wayar ƙarfe, da dare kuma yana zuwa makaranta. Ka riƙe maganar wayar nan, za mu dawo kanta. Sannu a hankali har ya samu shiga makarantar likitocin haƙori ta Jami'ar Harvard, ya gama a 1905.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Harvard ta tura ayarin likitoci a 1915 don su taimaka wa rundunar Birtaniya, Amurka kuwa ba ta ma shiga yaƙin ba tukuna. Da shi aka tafi, aka sauke su a wani asibitin soja da ke Camiers a arewacin Faransa. An ba shi muƙamin girmamawa na Laftana, daga baya aka ɗaga shi zuwa Manjo.

Abin da ya tarar a can ba ya kalluwa. Yaƙin cikin rami ake yi, jiki a ɓoye, kai ne kawai ke leƙowa. Hular kwano tana kare ƙoƙon kai, fuska kuwa a buɗe take. Sai a kawo saurayi harsashi ko ɓaraguzan bam sun tarwatsa masa muƙamuƙi, ba ci, ba sha, ba magana. A nan ne ilimin haƙori ya yi rana. Likitan haƙori ya san yadda haƙoran sama ke zama a kan na ƙasa, kuma idan aka mayar da haƙora mazauninsu, ƙashin da ke riƙe da su ma ya koma nasa. Sai ya riƙa ɗaure gutsattsarin muƙamuƙi da siririyar waya, yana ƙera abin tallafi na roba da ƙarfe a cikin baki domin kada fuskar ta lotsa kafin nama ya warke. Hannun da ya saba lanƙwasa waya a masana'anta, shi ne ya yi wannan aiki, kuma a ganinmu wannan ne wurin da ya fi taɓa zuciya a duk tarihinsa. Sojoji fiye da 3,000 suka bi ta hannunsa. A 1919 Sarki George na biyar na Birtaniya ya ba shi lambar girma.

Kai da kake koyon aikin, ai ka ga irinsa: wanda ya faɗi da babur muƙamuƙi ya karye, har gobe ana ɗaure masa haƙora da waya na wasu makonni, yana shan kunu da tsinken roba.

Da ya koma gida yana ɗan shekara 40, bai ce girma ya kama shi ba. Aji ya sake shiga tare da samari, ya karanta likitanci gaba ɗaya, ya gama a 1921, saboda yana son ya yi tiyatar fuska da cikakken izini. A 1941 ya zama farfesan tiyatar gyaran jiki na farko a Harvard. Ko Sigmund Freud, shahararren masanin halayyar ɗan'adam da ciwon daji ya cinye wa muƙamuƙi, sai da aka kira Kazanjian birnin Vienna na ƙasar Austriya a 1931 ya ƙera masa abin sawa a baki.

Wata baiwar Allah kuma, malamar jinya daga Maraɗi, ta rubuto tana tambaya ko irin waɗannan manyan likitoci na zamanin yaƙi suna samun sukunin ajiye iyali. Hajiya, tunda muna kan Kazanjian, bari mu amsa miki da shi. Ya ajiye, kuma ya ɗanɗani ɗacin rashi. Matarsa ta farko ta rasu a 1919, shekarar da aka karrama shi, bayan ya shafe shekarun yaƙin nesa da gida. Ya sake aure a 1923, Allah ya ba shi 'ya'ya da jikoki. Ya ci gaba da duba marasa lafiya har cikin tsufansa, ya rasu a garin Belmont kusa da Boston a watan Oktoban 1974, yana da shekara 95.