Ɗamarar Yara Kafin Mu Tafi Kano Hutun Sallah

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, malamanmu, iyayena maza da mata, yayye da ƙanne, barkanmu da war haka. Na san da yawa a cikinmu mazauna nan Ingila sun riga sun yanki tikitin tafiya Kano yin Sallah, shi ya sa na roƙi shugaba ya ba ni minti goma kafin a buɗe kulolin tuwo.

Watan jiya a wajen wani suna, wata ƙanwarmu ta shigo da ɗanta ɗan shekara biyu, sanye da 'yar jakar nan ta baya mai igiya, ita kuma tana riƙe da bakin igiyar. Tun kafin ta zauna na ji wata a bayana tana cewa, "Ikon Allah! Yanzu ɗan mutum ake ja kamar ragon layya?" Aka kwashe da dariya. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na murmusa. Baiwar Allahn nan ta cire abin ta ɓoye, ta wuni tana bin yaro tsakanin kujeru, ko loma ɗaya ba ta kai baki ba. Da na koma gida sai kunya ta kama ni, domin ni ce ya kamata in fi kowa sanin dalilinta.

Shekara huɗu ke nan, saura kwana uku Sallah, na shiga Kantin Kwari da jikana. Kun san Kwari a irin wannan lokaci: 'yan dako da dila a ka suna "hanya, hanya", layi ya tsuke, ko ƙafarka ba ka gani. Na saki hannunsa don in ware turmin atamfa in ga zanenta. Wallahi ban gama warewa ba na duba babu yaro. Na yi gabas, na yi yamma, mayafi ya faɗi ban sani ba. Kusan awa guda sannan aka kai ni wani shago a can wani layi, na tarar da shi zaune a kan benci, mai shagon ya saya masa awara yana ci. Dattijon ya ce da ni, "Hajiya, ɗa na kowa ne, amma wannan mun tambaye shi sunansa da unguwarsu, Turanci kawai yake mana."

Maganar nan ta zauna min. Mu da muka tashi a cikin birni, igiyarmu unguwa ce. Yaro ya tsallake zaure, mai ƙosai ta san ɗan gidan wane ne, mai shayi ya san shi, almajirin gidan ma ya san shi. In ya yi nisa a kai shi gidan mai unguwa, ko a yi cigiya a lasifikar masallaci, in ta kama har gidan rediyo. Yaranmu da aka haifa a nan ba su da wannan gata. Ba wanda ya san fuskarsu a Yakasai ko Gwammaja, su kuma ba za su iya faɗin sunan kakansu ba, balle kwatancen gida.

Kuma Kanon ma ba ta jiya ba ce. Tun da aka hana acaɓa a 2013, adaidaita sahu ta cika titi, tana kutsawa har lungun da da sai mai kura. Ga kwata a buɗe, ga rijiya a tsakar gida, ga kududdufi in damina ta sauka. Kuna tune da 2019, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai su Onitsha. Ga filin idi na Ƙofar Mata, ga turmutsutsun kallon Hawan Daushe in an yi hawa, dawaki na sukuwa, 'yan bindigar sarki na harbi. Ɗan shekara biyu in ya firgita ba ya tsayawa neman uwarsa, gaba kawai yake yi.

Nan Ingila ma suna da tabon da ba su manta ba. A watan Fabrairun 1993, a wata cibiyar kasuwanci da ke Bootle kusa da Liverpool, mahaifiyar James Bulger ta saki hannunsa don ta biya kuɗi a shagon mahauci. Shekararsa biyu. Wasu yara biyu 'yan shekara goma suka ja shi suka tafi, gawarsa aka tsinta. Sakin hannu don a biya kuɗi, wace ce a cikinmu ba ta yi?

Masu cewa ɗan mutum ba dabba ba ne, na ji ku, kuma na san abin da ke zuwa ran wasu shi ne mari, wato ƙarfen da ake ɗaure ƙafa da shi. To mari horo ne da tsarewa, wannan kuwa yaro yana tafiyarsa, yana tsayawa kallon kyanwa, hannayensa biyu a sake. Ni a wajena ƙanwar majanyi ce. Mu ne fa muke ɗaure jariri a baya da zani, mu ƙara majanyi mu tamke, ba wanda ya taɓa cewa mun wulaƙanta shi. Matsalar tana farawa ne ran da aka yi masa ƙani, bayan uwa ya zama na sabon jariri, shi kuma ƙafa ta yi ƙwari, hankali bai zo ba. Turawan ma ba yau suka fara ba. Tun ƙarni na 17 suke ɗinka igiyoyi a kafaɗun rigunan yara masu koyon tafiya.

Ga mai niyyar saya, iri uku na sani: ta wuyan hannu, ta ƙirji, da 'yar jakar baya. Ni ta ƙirji nake ba da shawara, ko jakar da ke da maɗauri a ƙirji. Dalili kuwa, gwiwar hannun yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba ta gama ƙwari ba, fizga ɗaya kan sa ƙashin ya goce daga mazauninsa. Za ku ga yaro ya saki hannu yana kuka, ya ƙi ɗaga shi, sai an je asibiti an mayar. Mu ma da hannunmu muna jawo wannan in mun fizgo yaro da ƙarfi a bakin titi. Igiyar ta zama gajera, kuma ba a jan yaro da ita. In ya zauna a ƙasa ya ƙi tashi, ɗaukarsa za a yi. A cire ta a kan matakala mai tafiya da kanta irin ta filin jirgi, a cire a wajen lilo da sulu, a cire in zai yi barci, don igiya na iya naɗe wuya. Kada a ɗaure ta a jikin kujera a tafi, kada kuma a miƙa wa yayarsa 'yar shekara shida a ce ta riƙe. A bakin titi, ko da ɗamarar a jikinsa, a kama hannunsa a ce masa "tsaya", don ya saba da kalmar. Ran da kuka ga ana cewa tsaya yana tsayawa, an gama da ita. Yaron da Allah Ya yi shi mai lafewa a jikin uwa kuwa, ba sai an saya masa ba.

Iyayena maza, ku ma da ku nake. Ranar idi ku ne kuke tafiya da yaran, ku tayar da kabbara, yaro ya bi mai balan-balan.

Tsokana kam za ku sha ta a Kano. Kakanni za su ce kun dawo da ɗabi'ar Turawa, yaran unguwa za su biyo ku suna kallo. Ni da na koma bara da ƙanin wancan jikan nawa, yayata ta yi min tsiya har ta gaji, amma ranar da za mu shiga Kasuwar Kurmi ita da kanta ta ce, "Ina igiyar nan taku?"

Ƙanwata da muka yi wa dariya, kina nan, na gan ki, ki yafe mana. Na zo da guda biyu, ta ƙirji da ta jaka, suna kan teburin baya kusa da ƙofa, mai so ya duba yadda ake ɗaurawa bayan an ci abinci. Shugaba, na gode. Allah Ya raya mana su, Ya kai mu gida lafiya. Wassalamu alaikum.