Gurbin da Babu Maki Ba Sifili Ba Ne

Assalamu alaikum malamai. Tun makon jiya saƙonni ke shigo mini a WhatsApp, daga Kabuga har Naibawa, kusan duk tambaya ɗaya ce: ɗalibi yana ganin kashi 90 a shafinsa na Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, amma da aka tattara makin zango sai ga shi can ƙasa. Har ana cewa manhajar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau.

Ga littafin maki a allo. Mu yi sauri a nan: jarrabawa 70, gwaji biyu maki goma-goma, aikin gida goma, jimilla 100. Ku zaɓi tsarin da ke tara maki kai tsaye, ku wuce.

To, yanzu ku dubi layin yaron nan da kyau. Gwajin farko ya ci 9. Gwaji na biyu bai shiga ba, aikin gida bai tura ba, guraben biyu babu komai a ciki. Mu a takarda mun saba, wanda bai yi ba sifili ne. Moodle kuwa da wani ɗan akwatin zaɓi yake zuwa a kunne a cikin saitinsa, wanda ke cewa a tsallake duk gurbin da babu maki. Sai ya lissafa 9 cikin 10 kawai. Ga kashi 90 ɗin. Bari in rubuta sifili a guraben. Kun gani? Ya koma 9 cikin 30.

Kada ku yi gaggawar kashe akwatin. Idan kuka kashe shi a farkon zango, jarrabawar da ba a ma rubuta ba za ta zama sifili, yaro mai ƙoƙari ya buɗe waya ya ga 9 cikin 100, hankalin gidansu duk ya tashi. Ni dai ina barinsa a kunne, amma ranar da wa'adin aiki ya cika, da hannuna nake sa sifili ga duk wanda bai yi ba.

Wani zai ce, Malam, wanda aka ɗauke wa wuta ko datarsa ta ƙare fa? Gaskiya ne, kuma yana damuna. Shi ya sa nake ba da gwaji uku maimakon biyu, in sa manhajar ta zubar da mafi ƙarancin maki a cikinsu. Ga wurin nan a saitin rukunin gwaje-gwaje: ku rubuta 1, ku adana.